Nasihar Juma'a: Haƙƙin Makarantar 'Ya'yanmu a Kanmu Cikin Wannan Dogon Hutu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da ruwa daga sama ya sanya shi abin tsarkakewa, ya kuma sanya tsarki ya zama mabuɗin sallah. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, mazauna Sabo da masu zuwa mana Juma'a daga Mokola da Bodija da Shasha da Ojoo, iyayenmu maza da iyayenmu mata, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah a ɓoye da bayyane.

Kamar yadda kowa ya sani, makarantar Islamiyyarmu da ke jikin masallaci ta shiga dogon hutu, ba za a koma ba sai cikin watan Satumba. Wasu yaran an tura su gida wajen kakanni, wasu suna shago suna taya iyayensu, malamai ma wasu sun yi tafiya. Ajujuwa a kulle suke. To a duk shekara wannan ne kaɗai lokacin da za a iya fitar da benci da tabarmi da kabad waje, a ɗaga abin da aka shekara ba a ɗaga ba, a hau sama a duba rufi, a zubar da ruwan tanki a wanke cikinsa. Sharar yau da gobe da ɗalibai ke yi kafin a fara karatu tana da amfaninta, amma iyakarta inda ido yake gani. Kwamitin masallaci ya tsayar da Lahadi uku a jere, daga jibi, domin wannan aikin gayya. Shi ya sa nasiharmu ta yau ta tsaya a kansa.

Matsayin mai shara a wurin Allah

Bahaushe na cewa tsafta cikon addini. Karin magana ce, amma tana da gindi a Sunna. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Malik Al-Ash'ari (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana tsarki a matsayin rabin imani. A Suratul Baƙara aya ta 222 Allah ya haɗa masu tuba da masu tsarkake kansu a cikin waɗanda yake so. A Suratut Tauba aya ta 108 ya yabi mutanen wani masallaci da aka kafa a kan taƙawa, kuma abin da ya yabe su da shi shi ne son tsarki. Malaman tafsiri da yawa sun ce mutanen Ƙuba ake nufi. Mu sake duba aya ta 125 a Baƙara. Su wa Allah ya ɗora wa aikin tsarkake Ɗakinsa saboda masu ɗawafi da masu i'itikafi da masu sallah? Annabi Ibrahim Khalilullahi ne da ɗansa Annabi Isma'il (AS). Malamai suka ce tsarkakewar ta haɗa da kawar da gumaka da kawar da ƙazanta. To idan Annabawa biyu, uba da ɗa, aka ba wa wannan aiki, wane Alhaji ne a cikinmu ya fi ƙarfin riƙe tsintsiya?

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) labarin wata baƙar mace da ta kasance tana share masallacin Madina. Ta rasu, aka yi mata sallah aka binne ta ba tare da an sanar da Manzon Allah (SAW) ba, domin kamar an ɗauki lamarinta ƙarami. Da bai gan ta ba sai ya tambaya. Aka faɗa masa ta rasu. Ya nuna musu ya kamata a ce sun sanar da shi, ya ce a nuna masa kabarinta, ya taka ya je ya yi mata sallah a can. Jama'a, wannan baiwar Allah ba a ambace ta da dukiya ko sarauta ko yawan ilimi ba. Shara take yi. Shugaban halitta ya lura da rashinta, ya bi ta har kabari da addu'a.

Wani zai ce ai wannan duka maganar masallaci ce, mu kuma makaranta ake faɗa mana. To me ake yi a makarantar? Alƙur'ani ake karantawa safe da yamma. A nan yaranmu suke sallar la'asar, a nan goshinsu yake taɓa tabarma, a nan alluna masu ɗauke da ayoyi suke jingine. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa mutanen da suka taru a ɗaya daga ɗakunan Allah suna karanta Littafinsa suna darasinsa a tsakaninsu, natsuwa tana sauka a kansu, mala'iku suna kewaye su. A Muslim ɗin dai, inda aka hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci, dalilin da aka bayar shi ne mala'iku suna cutuwa da abin da 'yan Adam ke cutuwa da shi. Albasa halal ce, da yawanmu ma ita muke sayarwa. Idan warinta ya isa a ce mutum ya dakata a waje, me za mu ce game da zarnin da iska ke kwasowa daga banɗaki ta shigo da shi aji yara suna tsakiyar biya karatu?

Ruwan da ya halatta alwala, da ruwan da ya dace da cikin yaro

Duk wanda ya zauna gaban malami da Ahalari ko Ishimawi ko Iziyya ko Risala ya san ba a kai wa babin sallah sai an bi ta babin tsarki. A can aka koya mana cewa ana duba ruwa ta fuska uku: launinsa, ɗanɗanonsa da warinsa. Idan najasa ta sauya ɗaya daga cikinsu, ruwan bai yi ga ibada ba, bai yi ga al'ada ba. Idan abu mai tsarki ne ya sauya shi, kamar nono ko sabulu, ya yi ga al'ada amma ba a alwala da shi. Idan kuwa mazauninsa ne ya sauya shi, kamar ƙasa ko gansakukar da ta tsiro a cikinsa, malamanmu na Malikiyya sun ce wannan ba ya hana alwala.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, tankin da murfinsa ya fashe ko aka bar shi a buɗe, ɓera yakan faɗa ciki ya mutu. Mushen dabba mai jini najasa ne. Idan ya ruɓe har ya sauya warin ruwan, duk wanda ya yi alwala da shi bai yi alwala ba, sallar da aka gina a kanta kuma kun san hukuncinta. Tanki yana can sama, babu mai hawa, mu a ƙasa muna murɗa famfo muna cika buta. Yaushe rabon da wani ya leƙa cikinsa?

Na biyu, ruwa yana iya zama garau, babu launi babu wari, a fiƙihu mai tsarki ne, alwala da shi ta inganta, amma yana ɗauke da ƙwayar kwalara ko taifot wadda ido ba ya gani. Hukuncin alwala daban, amanar lafiyar yaro daban. Shari'ar da ta koya mana hukuncin ruwa ita ce ta hana cuta da cutarwa, ita ce ta hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ita ce ta yi umarni a rufe ƙwarya da tukunya, a ɗaure bakin salka idan dare ya yi, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir (RA). Saboda haka kada a ce tunda ruwan ya yi alwala shi ke nan yara su sha. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, aka rasa rayuka, mu da Legas kuwa kullum motocinmu suna hanya. Cutar amai da gudawa tana iya tsotse ruwan jikin ƙaramin yaro cikin awoyi kaɗan. Hanyarta sananniya ce: daga bayan gida zuwa ruwa ko hannu ko ƙuda, daga nan zuwa baki. A wurin da masai da rijiya suke kusa da juna saboda matsi irin na unguwarmu, alhali masana suna son a samu tazarar kamar mita 30 a tsakaninsu, dole a kula da ruwan sha kulawa ta musamman.

Abin da ke zaune a ajin da aka kulle

Ɗakin da mutane suka bari, wasu halittun ne ke gaje shi. A nan ƙasar Yarbawa damina doguwa ce, danshi ba ya barin bango. Aji a rufe mako shida, tabarma a naɗe a lungu da ɗan jiƙonta, sai funfuna ta kama ta. Yara su dawo su zauna a kai, sai tari da mura da ƙaiƙayi, mai ciwon asma kuwa abin ya tashi. Gara tana cin ƙafar benci da katakon rufi a ɓoye. Kyankyasai da kuɗin cizo suna hayayyafa a tsagar katako.

Sai ɓera. Ragowar biskit da gyaɗa da aka zubar bayan kabad sun ishe shi ya kafa gida. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gane shi a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno, wani ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da shi, yana kuma yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa idan suka taɓa abinci ko wurin zama. Jihohin Ondo da Edo, nan kusa da mu, suna cikin waɗanda cutar ta fi addaba, kuma tana tsananta ne da rani. Ɓeran da aka bari ya zauna a makaranta cikin Agusta, jikokinsa ne za su cika ta a Janairu. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi gargaɗi a kan ɓarnar ɓera, ya sa a kashe fitila lokacin barci domin yakan ja lagwani ya ƙone gida. Yau babu lagwani, amma akwai wayar lantarki a cikin silin, ita yake gaigaya.

Sai sauro. Tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen bokiti, kwatar da ta toshe, duk inda ruwa ya kwanta ya isa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne idan akwai ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa da shi. Yaranmu masu karatun dare, tsakanin magariba da isha'i, a daidai lokacin da sauron ke fitowa suke zaune.

Akwai kuma abin da sai an kwashe kaya an kankare bango ake ganinsa, wato tsagewa. A watan Maris na 2019 wani bene mai ɗauke da makarantar firamare ya rufta a Ita Faji da ke tsibirin Legas, yara suka mutu. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya faɗo wa ɗalibai a Jos, aka rasa mutum 22. Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu, ya ba iyaye haƙuri. Gini yakan yi magana kafin ya faɗi: tsaga a bango, ƙofar da ta daina rufuwa, silin da ya yi ciki, katakon da ya ruɓe. Magina da kafintocin da ke cikinmu, wannan rabonku ne, ku zo da idon sana'a.

Uzurorin da aka saba ji

Na ɗaya: "Ai muna biyan kuɗin wata." Gaskiya ne, Allah ya saka da alheri. Amma mu yi wa kanmu adalci, mu 'yan kasuwa ne, mun iya lissafi. Abin da ake biya da ƙyar yake isar ɗan alawus ɗin malamai da alli. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu, a hadisin Ibnu Umar (RA), cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya ambaci namiji a kan iyalinsa, mace a kan gidan mijinta da 'ya'yansa. Kiwon bai ƙare a bakin ƙofar gida ba. Wanda zai ajiye buhun wake ko goro a sito, sai ya shiga da kansa ya duba rufi, ya taɓa ƙasa ya ji ko akwai danshi, ya nemi ramin ɓera. To ɗan da ka haifa fa? Iyaye nawa ne a cikinmu suka taɓa shiga banɗakin da 'ya'yansu ke shiga kullum?

Na biyu: "Ai ga almajirai nan, a sa su." Yaro ya yi aiki daidai ƙarfinsa, wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma a tura ɗan wani cikin kwata ba takalmi, cikin fasassun kwalabe da tsatsar ƙusa, ko a ba shi guba ya fesa, alhali namu suna gida a kwance, wannan zalunci ne, kuma Allah yana gani. Lokacin ginin masallacin Madina Manzon Allah (SAW) yana ɗaukar tubali tare da sahabbansa. Ranar haƙa gwalalo ya kwashi ƙasa har ƙura ta rufe masa ciki. Babba shi ke fara sunkuyawa.

Na uku: "Cuta da mutuwa na Allah ne." Babu shakka. Amma Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka a can sai ya juya da jama'a. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa daga wata ƙaddarar Allah suke gudu zuwa wata ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ke da zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefen da ya bushe. Wanda ya wanke tanki da ƙaddarar Allah ya wanke, wanda ya bar mushe a ciki da ƙaddarar Allah ya bari, amma ɗaya lada zai samu, ɗayan tambaya ce ke jiransa. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗarsa a fili ba: "Ai nan ba gida ba ne, neman kuɗi muka zo." Shi ya sa za ka ga mutum ya gina gida na gani na faɗa a Kano ko Sakkwato ko Katsina, yana shiga sau ɗaya a shekara, amma wurin da 'ya'yansa ke wuni kullum ko fenti ya gagara. Jama'a, tun 1916 aka kafa Sabon nan. Sama da shekara 100 ke nan. A nan aka haifi da yawanmu, a nan aka binne iyaye da kakanni. Ko da ma gobe za mu tashi, yaron da ke aji ɗaya yau ƙuruciyarsa ba za ta jira mu koma gida ba.

Idon maƙwabta

Muna zaune cikin mutane, kuma abin da mutum ɗaya ya yi da sunan duka ake kiransa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wanda ya wuce ta gaban makarantarmu ya toshe hanci ba zai ce kwamiti ya gaza ba, cewa zai yi ga Hausawa nan, wani ma ya ce ga Musulmi nan. Wanda ya wuce ya ga wuri fes, an share har bakin titi, ya ji wa'azin da ba a yi da lasifika ba. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 sun san yadda ƙaramar gardama a bakin shago take iya zama gobarar da za ta ci rayuka da dukiya. Kwatar da ta tumbatsa ta shiga ƙofar maƙwabci irin wannan tartsatsin ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manzon Allah (SAW) ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani, ya kuma yi gargaɗi a kan abubuwa biyu masu jawo tsinuwa: yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwar da suke zama. Idan banɗakin makaranta bai shiguwa, ina yaro zai je? Bayan katanga zai zaga, hanyar mutane ke nan. Laifin wa?

Garin nan kuma ya san ruwa. Dattawanmu suna tuna ambaliyar Ogunpa ta ƙarshen Agustan 1980, na bayansu suna tuna ta 26 ga Agusta, 2011, wadda ta ci mutum fiye da 100. Cikin abubuwan da ke ƙara wa irin wannan masifa ƙarfi har da toshe magudanai da shara. Mai jiran hadari ya haɗo ya juye bola a kwata don ruwa ya tafi da ita, ya sani a ƙofar wani za ta tsaya. Kada mu jira sai duba-gari, waɗanda masu masaukinmu ke kira wole-wole, sun zo sun liƙa mana takarda a ƙofa sannan mu tashi a guje. Abin kunya ne a ce tsoron tara ya sa mu abin da tsoron Allah bai sa mu ba.

Yadda aikin zai gudana

Lahadin farko ta ajujuwa ce. Za a fara bayan an karya kumallo. A fitar da komai waje. Aiki daga sama yake farawa ya sauko: rufi da silin tukuna, a toshe inda ke yoyo, a kaɗe yana, sannan bango da tagogi, ƙasa ce ta ƙarshe. Inda aka ga kashin ɓera kada a share shi a bushe ƙura ta tashi a shaƙa. A yayyafa masa ruwan Hypo ko Jik, a bari ya jiƙa, a kwashe da safar hannu. A toshe ramuka da siminti. Tabarmi da dardumai a wanke su da omo, a shanya su har su bushe ƙayau kafin a naɗe, mu ci moriyar ɗan sararin da ruwa kan yi a Agusta. Wadda ta mutu a yar da ita.

Lahadi ta biyu ta ruwa ce da banɗaki da kwata. A zubar da ruwan tanki, a goge cikinsa da buroshi, a wanke da ruwan Hypo, a ɗauraye sosai, a samar masa murfi mai kamawa. Randunan sha da butoci haka. Moɗar da kowa ke tsomawa a randa a maye ta da bokiti mai famfo. Banɗaki a duba ƙofa da sakata, musamman na 'yan mata. Iyaye mata sun san abin da nake nufi: yarinyar da ta fara girma, idan babu wurin da za ta kewaya cikin sutura, sai ta fara ƙin zuwa makaranta, ba kuma za ta faɗi dalili ba. Kwata idan an yashe a kwashe dattin a baro a kai inda motar shara ke ɗauka. Idan aka tara shi a baki, ruwan farko zai mayar da shi.

Ga gargaɗi, a riƙe shi da kyau. Kada a haɗa Hypo da wani maganin wanke masai a bokiti ɗaya, haɗin yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. Sniper maganin gona ne, hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan amfani da shi a cikin ɗaki, kada wani ya kawo mana shi aji. Idan za a yi feshi a kira masu sana'ar, a yi shi da sauran kwanaki kafin yara su dawo, a bar tagogi a buɗe. Wanda zai hau rufi ko ya taɓa waya a kashe wuta tukuna. Babu yaron da zai shiga kwata ko tanki.

Lahadi ta uku ta fenti ce da gyaran benci da mayar da kaya. A ranar ne kuma malamai za su zauna a kan abin da ya fi komai daraja a ginin. Akwai yagaggun izu da tsofaffin Alƙur'anai da littattafan da gara ta ci, an cusa su a taga da saman kabad. Kada ko warƙa ɗaya ta bi shara. Wanda zai gyaru a ɗinke shi a yi masa bango. Wanda ba zai gyaru ba a naɗe shi a kyalle mai tsarki a binne a wurin da ba a takawa, ko a ƙone shi cikin girmamawa a binne tokar, kamar yadda Sayyidina Usman (RA) ya yi umarni da ƙone sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa Mus'hafi. A kuma gyara wurin wankin allo, a yi masa rami nasa mai tsafta, ruwan da ya wanke ayar Allah kada ya gangara kwata.

Kowa da abin da zai iya

Tsinke ɗaya ba ya shara, sai an ɗaure tsintsiya. Mai sayar da bokiti da tsintsiya ya kawo daga shagonsa. Mai fenti, mai siminti, mai tabarma, kowa ya ciro daga abin da Allah ya hore masa. Masu baro da masu mota su taimaka da kwasar shara. Samari, ƙarfin naku ne. Iyayenmu mata za su karɓi wankin tabarmi da randuna a ɓangarensu, wasu su dafa wa ma'aikata abinci. Dattijon da jiki ya ƙi, ya zo ya zauna a inuwa ya sa albarka, ganinsa ma ƙarfafawa ne. Wanda kasuwa ta riƙe ko yake kan hanya ya aiko da kuɗi ta hannun ma'ajin masallaci. Masu yashe masai da za a ɗauka haya a biya su haƙƙinsu nan take, a kuma girmama su, domin suna ɗauke mana abin da mu ba za mu iya ba. Kwamiti kuma ya rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, a liƙa a allon sanarwa kowa ya gani. Dukiyar jama'a amana ce, bayani kuma yana kashe zato.

Idan an koma karatu, kada aikin ya zama na shekara-shekara kawai. A ajiye sabulu da ruwa a ƙofar banɗaki kullum. A sa kwandon shara a kowane aji. Ranar Alhamis da ba a karatu a riƙa zagayawa ana dubawa, tanki kuma a sa masa lokacin wanki sananne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya karanta babin tsarki a aji mai tsafta, ya fita ya tarar da buta da sabulu, karatun ya zauna masa. Wanda ya karanta shi yana toshe hanci zai ɗauka abin na cikin littafi ne kawai. Kuma duk harafin da aka karanta a kan tabarmar da ka wanke, ƙarƙashin rufin da ka toshe, muna kyautata zaton kana da rabo a ladansa, ko kana kasuwa, ko kana cikin kabari.

Ya Allah ka tsarkake zukatanmu daga munafunci, ayyukanmu daga riya, dukiyarmu daga haram. Ka raya mana zuriya a kan Alƙur'ani, ka tsare su daga cuta da annoba. Ka saka wa malamansu da alheri. Ka zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ka ba ƙasarmu zaman lafiya. Ka sa albarka a kasuwancinmu, ka kai matafiyanmu lafiya ka dawo da su lafiya. Ka jiƙan iyayenmu da magabatanmu da suka kafa mana wannan wuri. Allah ya ba mu ikon fitowa jibi, ya karɓa mana. Amin.